Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Furodusoshi Da Daraktocin Fina-finan Hausa Kan Fim Ɗin Zullumi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu a sana'a, da ƙannenmu masu tasowa, muna gaishe ku da aiki. Masu wannan takarda ma'aikatan bayan fage ne a nan Zariya. A cikinmu akwai marubuta labari, masu ɗaukar hoto, masu sauti da masu tace hoto. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani nau'in fim da ake ta sha'awar yi, amma da an taɓa shi sai ya zame ya koma wani abu dabam. Ba fim ɗin aljanu muke nufi ba, ba kuma na 'yan daba da sara-suka ba. Muna nufin labarin mutumin kirki da duniya ta matse har ya kai bakin abin da bai taɓa zaton zai aikata ba, ya aikata, sannan ya zauna da abin a cikinsa yana cin sa. Mu dai fim ɗin zullumi muke ce masa, domin abin da ake so mai kallo ya kwana da shi ke nan.

Masu kallonku ba baƙin matsi ba ne. Sun yi layin banki a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Sun ga yadda kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. A 2024 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhun shinkafa ya haura kuɗin. Bahaushe ya riga ya taƙaita labarin tun tuni: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saura a nuna hannun da ya kama takobin, da yadda ya kwana.

Ba ma buƙatar aron ilimin zuciya daga waje. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama. Ya yi maganar larura a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, inda aka sauƙaƙa wa wanda ya matsu, da sharaɗin kada ya zama mai zalunci ko mai ƙetare iyaka. Fim ɗin zullumi a tsakanin waɗannan yake zaune. Rabin farko na rai mai umarni ne, yana kawo hujja bayan hujja, yana kiran son zuciya larura. Rabi na biyu na rai mai zargi ne. Duk wanda ya yi makarantar allo da ta zaure ya san wannan taswirar, ku ne dai ba ku cika hawa kanta ba.

Bari mu kafa misali ɗaya mu riƙa komawa gare shi, don kada maganar ta tsaya a iska. A ce Uwani uwar adashi ce a Tudun Wada. Hannu ashirin, kowane hannu naira 5,000 a mako, kwasa naira 100,000 duk Juma'a. Ɗanta ya kwanta asibiti, ta taɓa kwasa ɗaya da niyyar mayarwa. Ta roƙi mai ɗauka ta yi mata haƙurin mako guda, ta toshe ramin da zubin mako na gaba, ta ci bashin manhajar waya mai ruwa don ta toshe na bayansa. Maƙwabciyarta Gwaggo, tsohuwa mai hawan jini, hannu biyu gare ta, ta kwashe duka ta bar wa Uwani ajiyar naira 200,000 don kayan ɗakin jikarta. Babu wanda ya sani sai su biyu da littafin adashi. Katanga ɗaya ta raba ɗakunansu, kuma sun saba: in jikin Gwaggo ya motsa da dare, sai ta buga bango sau uku, Uwani ta fito ta nemo mai keke. Ranar Laraba Gwaggo ta ce Juma'a tana son kuɗinta. Daren Alhamis aka buga bango sau uku. Uwani ta ji. Ba ta tashi ba.

Ku lura da abin da lissafin ya yi. Kafin minti na goma mai kallo ya san adadin kuɗin da ranar da za a neme su, don haka shi ma ya fara ƙirga kwanaki. Nan ne aka fi yin tuntuɓe na farko. Sai a sa jaruma ta zauna bakin gado tana kuka tana cewa talauci ya ishe ta, sin uku, wato fitowa uku, a jere, ba a faɗi nawa ake bin ta ba, ba a faɗi yaushe ba. Talauci ba shi da agogo, bashi ne ke da shi. Mai kallo ba ya zullumin abin da ba shi da wa'adi.

Tuntuɓe na biyu shi ne tsalle. Jiya mutumin kirki, yau ya zare wuƙa. Ba haka zuciya ke lalacewa ba, kuma mai kallo ya sani. Matakan su zama huɗu ko biyar, kowanne ya ɗara na baya da taku ɗaya kawai, kuma kafin kowane mataki a nuna ƙofar halak da ta gwada ta samu a rufe: yayanta da ya ce a bari sai an yi albashi, dillaliyar da ta taya keken ɗinkinta da rabin kuɗinsa, mijin da ke can Legas wayarsa ba ta shiga. In ba a rufe waɗannan ƙofofi a gaban ido ba, mai kallo zai ce ai da ta je wurin wane, daga nan kuma kun rasa shi. Abin da ake nema shi ne daren Alhamis ya zo mai kallo yana kwance tare da ita, wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa kada ta tashi. Kunyar da zai ji daga baya ita ce ribar fim ɗin.

Daren nan ya faɗo a tsakiya, wajen minti na 45 a fim mai minti 90. Abin da ya biyo baya ya fi wuyar rubutawa. Wata ƙaramar jikar Gwaggo, yarinya 'yar shekara tara da ke kwana a ɗakin, an kawo ta gidan Uwani kafin a yi sadakar bakwai. Shin idonta biyu a daren? Ba ta ce komai ba. Sai dai tana cin tuwo ta ƙwanƙwasa kwano da ɗan yatsa sau uku. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga nan ba a buƙatar mugu, ba a buƙatar ɗan sanda. Duk mai gaisuwar da ta ce "Allah ya saka miki, ke ce kika riƙe ta", ta soka mata wuƙa ba ta sani ba.

Shafi ɗaya na rubutaccen labari kusan minti ɗaya ne a allo. Shafi 90, in ana ɗaukar biyar zuwa shida a yini, kwana 15 zuwa 18 ke nan. Masu magana kada su wuce shida, lokeshan huɗu ko biyar. Wannan nau'in yana son ƙunci, don haka ƙarancin kuɗi ba ya cutar da shi kamar yadda yake cutar da fim ɗin sarauta. Abin da ke kashe shi shi ne a ja shi ya zama mai dogon zango. Igiyar da aka ɗaure ba ta zama a ɗaure zango uku. In dole sai an yanka shi don YouTube, kashi huɗu zuwa shida, a rubuta ƙarshensa kafin a kunna kamara.

Yanzu sauti, wanda a ganinmu shi ne kashi mafi girma na aikin, kuma shi ake bari sai kuɗi sun ƙare.

Mai kallo yana yafe hoto mai rauni, ba ya yafe maganar da bai ji ba. A fim irin wannan kuwa rabin maganganun raɗa ne. Makirfon sanda ya tsaya tsakanin santimita 30 da 60 daga bakin mai magana, daga sama, yana kallon ƙirji. Duk sanda nisan ya ninka, ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6, hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. A saita na'urar naɗar sauti a kan 48 kHz, ƙololuwar magana ta riƙa taɓa wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sautinta, don a bar wa ihu wuri. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a jiki yana da amfani, amma a ƙarƙashin hijabi yana kwasar gogar yadi, musamman mai santsi. A naɗe kansa da ɗan auduga da filasta, a manna a fata ko a rigar ciki, a sa jarumar ta juya wuya hagu da dama a saurara kafin a fara. Mace ce za ta maƙala wa mace, wannan ba sai an faɗa ba.

Zariya tana da nata surutan da baƙo ba ya lissafawa. Ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama suna shawagi da rana, kuma jirgin koyo ba wucewa yake yi ya tafi ba, zagayowa yake. Wanda ya kafa kamara a Palladan ko Hanwa ya sa wannan a lissafinsa. Kusa da Kwangila da Ɗan Magaji manyan motoci ba sa barci. A cikin birni akwai injin niƙa da hantsi, 'yan makarantar allo da safe da dare, da lasifikar masallatai, waɗanda ba a cewa su dakata. A rubuta lokutan salla a takardar aikin kowace rana, a tsayar da ɗauka minti goma kafin kira. Da damina ruwa a kan kwano yana cinye magana ɗungurungum. Sin ɗin raɗa a ajiye shi sai bayan isha'i, in unguwa ta lafa.

Ɗakin ma yana da murya. Sorayen ƙasa na cikin birni, masu kaurin bango da rufin azara, suna shanye amo, magana ta fito a kusa kamar a kunne aka yi ta. Ɗakin siminti mai tayil yana mayar da ita kamar a cikin randa. In dole a nan za a yi, a shimfiɗa katifa a inda kamara ba ta gani, a rataya barguna biyu ko uku a bangon da mai magana ke fuskanta. Kafin a tashi daga kowane lokeshan kowa ya tsaya cik a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Mai tace hoto da shi zai cike tsakanin maganganu. In babu shi, duk inda aka yanka sai a ji sautin ya faɗa rami ya fito, kuma a fim ɗin da shiru ne makaminsa wannan ɓarna ce babba.

Janareta ya yi nisan aƙalla mita 30, a bayan katanga, bakin salansa yana kallon waje, a ja wuta da waya mai kauri. Kada a kuskura a sa shi a zaure a rufe ƙofa don a rage ƙara. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Bugun bangon nan uku shi ne jarumi na uku a fim ɗin, a ba shi haƙƙinsa. Kada a ɗauko shi daga tarin sautukan intanet. A naɗe shi a bangon gaske, daga ɗaya ɗakin, kala biyar ko shida: da tafin hannu, da dunƙule, da gindin kofin silba, mai ƙarfi, mai rauni, da wanda aka yi biyu na ukun bai zo ba. A daren Alhamis a sa mai raunin. Daga baya, duk sanda ta ji shi, a matso da shi kusa kaɗan, a rage amon ɗaki, har mai kallo ya kasa rabe na bango da na cikin kanta. Ga wani abu da ake mantawa: yawancin masu kallonku a waya suke kallo, lasifikar waya kuwa kusan ba ta fitar da sauti mai kauri na ƙasa da Hz 200 a ma'aunin kaurin sauti. Bugun da ya girgiza situdiyo zai iya ɓacewa gaba ɗaya a waya. Shi ya sa ake haɗa shi da ɗan ƙaran kofin silba ko zubar ɓarɓashin ƙasa daga bango, abin da ƙaramar lasifika za ta iya ɗauka.

Kiɗa kuma a rage. Al'adar buga piyano "dum" duk sanda aka zaro ido tana gaya wa mai kallo cewa ba ku yarda da hotonku ba. Jan goge ɗaya mai tsawo, ko busar sarewa daga nesa, sau huɗu ko biyar a duk fim ɗin, ya wadatar. Waƙar soyayya da rawa ba su da masauki a nan, ko da mai saye ya nema.

Haske. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka fim mai duhu kashe fitila ne. Sai a ɗaga ISO, wato ƙarfin ganin kamara a duhu, sama, hoto ya cika da ƙura mai motsi, fuska ta narke cikin bango. Duhun fim gina shi ake yi da haske. A haska ɗakin fiye da yadda ake so ya fito, a kiyaye tazara tsakanin gefen fuska mai haske da mai inuwa, kamar ninki huɗu zuwa takwas, sannan a sauke shi wajen tacewa. Fatarmu tana mayar da haske kamar madubi, don haka ƙaramar fitila mai kaifi tabo take yi a goshi da hanci ta bar sauran fuskar baƙi. A sa fitilar a bayan farin zanen gado da aka ɗaure mita ɗaya daga gare ta, hasken ya faɗaɗa ya lulluɓe kunci. Hoda mai yawa tana kashe fata, ɗan sheƙi ake so. Kullum a tabbata akwai ɗigon haske a ƙwayar ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuska kuwa in ido ya mutu ba ta da amsa. A ɗan haska bangon da ke bayanta, ko da kaɗan ne, don kan ya rabu da duhu.

Wutar ƙasar nan tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Don haka a ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, ƙiftawar kamara a kan 1/50. Wanda ya bar kamararsa a kan 30 da 1/60, saitin Amurka, zai ga ratsi yana hawa da sauka a bango. Ƙaramin janareta ma ba ya riƙe 50 daidai, in nauyi ya canza sai ya yi sama ko ƙasa, fitila ta riƙa rawa. Sin ɗin dare a yi shi da fitilun LED masu batir, a huta da ƙara da rawar haske a lokaci guda. A kula da launi: fitilar ƙwai da kyandir ja-ja ne, ƙasa da 2000 a Kelvin, ma'aunin launin haske, hasken rana wajen 5600, fitilar caji ta kasuwa kuwa shuɗi-shuɗi ce mai ratsin kore, tana mayar da fuska kamar ta majinyaci. Wannan aibi ne a fim ɗin biki. A ɗakin Uwani bayan rasuwar Gwaggo kyauta ce, in da gangan aka yi.

In kamararku tana ɗaukar 10-bit, ku yi amfani da shi. Mai 8-bit matakan haske 256 gare ta, mai 10-bit 1024, kuma a inuwa bambancin ke fitowa. YouTube zai matse hoton, mai kallo ya sauke shi zuwa 360p don tattalin data, bangon da kuka sha wahalar haskawa ya koma zobe-zobe. Maganinsa a bar wani abu mai gani a cikin duhun: zanen tabarma, jeren kwalla a kabad, tsagar bango. Baƙi fetal shi ya fi lalacewa.

Kamara ta zauna. Girgiza ta da hannu don a nuna tashin hankali ya zama abin kowa, kuma yana sa jiri ne kawai. A farkon fim a bar wa Uwani fili, gilashin kamara mai milimita 24 ko 35, ana ganin tsakar gida da mutane. Yadda igiya ke matsewa a koma 50, a koma 85, bango ya matso, mutane su zama inuwa a bayanta. Lungunan cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa wajen Ƙofar Kuyambana, inda wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, sun riga sun yi muku rabin wannan aikin. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, hazo yana tace rana ya shafe nesa, har Dutsen Kufena ya koma kamar zane. Ku dai riƙa canza gilashi a cikin mota a rufe, don ƙurar in ta hau cikin kamara sai ta fito a kowane hoto.

Game da 'yan wasa, Zariya ba ta rasa su ba. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, mai dandalin nan na ginin ƙasa, ya daɗe yana yaye su. Sai dai wanda ya saba da dandali yana wasa ne don na layin baya ya gani, kamara kuwa tana tsaye taku biyu daga hancinsa. A yi gwaji na kwana uku aƙalla kafin ɗauka, a zauna da kamara a nuna wa jaruma fuskarta, ta ga da idonta cewa haɗiyar yawu ɗaya ta fi dafe ƙirji da salati. Kada darakta ya ce mata "ki nuna tsoro". Ya ba hannunta aiki: ta tsince shinkafa, ta ƙirga canji, ta goge sunan Gwaggo daga littafi da reza a hankali don kada takardar ta huje. Mai laifi ɓoyewa yake yi, mai kallo kuma ɓoyewar yake son kamawa. Kuka sau ɗaya a duk fim ɗin, a wurin da ba a zata ba.

Wata dabara mai arha: lalle. A ce an yi wa Uwani lalle ranar wani suna, kwana biyu kafin rasuwar. Lalle yana kwashe kusan mako biyu yana kodewa, don haka hannunta ya zama kalanda, ba sai an rubuta "bayan kwana bakwai" a allo ba. Wahalarsa ita ce ba a jere ake ɗaukar fim ba. Ko dai a tsara duk hotunan hannu bisa jerin labari, ko mai kwalliya ta zana shi da abin da ke wankuwa, kala uku, mai kula da kwantiniti, wato daidaituwar kaya da kwalliya daga sin zuwa sin, yana ɗaukar hotonsa a waya kowace safiya. Haka littafin adashi: a yi guda uku iri ɗaya, na kafin gogewa, na bayanta, da na ko-ta-kwana.

Yarinyar da za ta fito a jika ta zo da uwarta ko yayarta, kada ta wuce awa huɗu zuwa biyar a lokeshan, kada a kai ta tsakar dare. Ba sai ta san duk labarin ba. A ɗauki fuskarta dabam tana kallon wani abu, a haɗa wajen tacewa. Jarumar ma bayan sin mai nauyi a ba ta rabin awa, kada a ce a maimaita sau goma don fitila ta motsa.

Jini, in ma ana buƙatarsa, cokali biyu ya isa: sukari kofi biyu a ruwa kofi ɗaya a dafa ya yi kauri, kalar abinci ja, da ɗan garin koko don ya yi duhu. Zoɓo ba ya yi, ruwa-ruwa ne kuma yana fita shuɗi-shuɗi a kamara. A tanadi ruwan wankewa, ƙuda da tururuwa ba sa jira.

Kafin a sauke kaya a unguwa a gaida mai unguwa, a gaya masa ranaku da lokuta. In akwai ɗaukar dare, ko makara, ko wani abu mai kama da makami, a kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, a sanar da 'yan sintiri. Garin nan ya ga satar mutane, kuma wanda ya farka ya ga baƙi da fitilu a lungu ƙarfe biyu na dare ba zai fara da tambaya ba. Kada a shiga maƙabarta da kamara. Fitar makara daga zaure, daga nesa, da takalman mata a ƙofar ɗaki, sun isar da saƙon.

Mun san abin da ke ranku: masu tacewa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da matakan shekaru, har da 15 da 18, kuma wannan nau'in can ya dosa. Ku nema masa matakinsa, ku rubuta a fosta, kada ku rage masa kaifi don ya zama na kowa da kowa. Wanda zai kai fim kasuwar Kano kuma ya san akwai hukumar jihar tun 2001. Shawararmu a nemi zama da su tun labari yana takarda, don gyaran shafi ya fi gyaran abin da aka kashe kuɗi aka ɗauka sauƙi. Abin da mai tacewa ke gudu shi ne a ƙawata laifi. Fim ɗin da ya nuna mace ta kasa barci, ta kasa haɗa ido da marainiya, ta tsaya a kan sallaya ta rasa raka'a ta nawa take, bai ƙawata komai ba.

Wannan ya kawo mu ga inda muka fi saɓani da yadda aka saba. Minti biyar na ƙarshe sai a shigo da malam, ko alƙali, ko wani dattijo, ya tsaya ya bayyana wa mai kallo abin da ya gama gani. Mai kallon nan ya san hukuncin cin amana tun yana yaro. In kun yi masa wa'azi, kun sauke masa nauyin da kuka yi awa ɗaya da rabi kuna ɗora masa, ya tashi sakayau kamar an yi wa wani faɗa. Haka in aka sa mota ta buge ta a hanya, ko ta haukace tana bin bola. Wannan gudun ƙarshe ne. Sakamakon ya fito daga abin da ta shuka da hannunta. Ta biya duk matan adashi da kuɗin Gwaggo, unguwa tana yaba mata, an bar mata riƙon yarinyar saboda amanarta. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, marubuci ya zaɓa, amma zaɓin ya zama nata, a gaban kamara, ya kuma ci mata wani abu da mai kallo ya san darajarsa.

Wajen tace hoto a teburin edita a jure wa tsawon hoto. Daren Alhamis fuskarta na iya ɗaukar daƙiƙa 30 ko fiye ba yanka, tsakanin bugu na biyu da na uku a bar shirun ya yi tsawon da zai dami mai tacewar kansa. A bar sautin sin mai zuwa ya riga hotonsa shigowa da daƙiƙa ɗaya ko biyu, kukan mata ya fara tun tana kwance. Kada a maimaita daren da baƙi-da-fari don tunatarwa. Ba wanda ya manta.

Kafin a saki fim ɗin a gwada shi. A tara mutum goma sha biyar da ba su da hannu a aikin, rabinsu mata masu zubin adashi, a ba su a ƙaramar waya mai arha, da rana, hasken allo a rabi, ba abin kunne. Mutum ɗaya ya zauna a gefe da agogo yana rubuta mintin da wani ya ɗaga kai ko ya nemi a mayar baya don bai ji ba. In an gama a yi musu tambaya uku kawai: nawa ake bin ta, a wane wuri kuka daina goyon bayanta, kuma yarinyar ta sani ko ba ta sani ba. In sun haɗu a amsar farko, suka rabu a ta biyu da ta uku har gardama ta kaure, a rufe aikin a kai hukumar tacewa. In duk sun ba da amsa ɗaya, a koma teburin edita, a fara da cire kiɗa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan bayan fage na fim,
Zariya, Jihar Kaduna.